Birnin Kebbi daga kan sirdin keke

A makon ƙarshe na Satumba motata ta kwanta wurin bakanike, aka ce sai an kawo kayan gyaranta daga Sakkwato. Kwana biyu ina biyan 'yan kabu-kabu, a na uku na tuna da wani tsohon keke ƙirar Phoenix da ke jingine a zauren kawuna, ƙura ta rufe shi, tayoyinsa sun lanƙwashe. Na kai shi wurin mai gyara aka sa sababbin tayoyi, aka shafa wa sarƙa mai, aka ɗaure birki. Niyyata in lallaɓa da shi kwana uku ko huɗu. Sai da na yi mako uku a kansa, har na taka shi zuwa Argungu. Na sauko da wani ra'ayi da ban hau da shi ba: a cikin manyan biranen jihohin Arewa da na sani, kaɗan ne suka dace da keke kamar Birnin Kebbi, kuma mu da muka yi boko mu ne muka fi kowa hana garin amfana da wannan baiwa.

Dacen da na yi shi ne lokacin. Wanda ya san wannan kwari na Rima ya san cewa shekara ba ta cika yi wa mahayin keke adalci ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sirdi kansa ya zama tanda. A tsakiyar damina kuma, Yuli da Agusta, lungunan da ba kwalta sukan zama taɓo. Amma a 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hunturu, safiya takan zo da wani irin sanyi mai laushi. Ruwa ya wanke iska, ƙura ba ta tashi ba tukuna, raɓa na kwance a kan ciyawa, an fara yankan gero, dawa ta fitar da kai. Ba zan yaudari mai karatu ba: zafin kaka gaskiya ne, kuma da hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, rana takan dawo da haƙƙinta. Sai dai daga sallar asuba zuwa ƙarfe goma, da kuma bayan la'asar, garin naka ne.

Abu na farko da keke ya koya mini shi ne cewa Birnin Kebbi ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar yadda na ɗauka shekara da shekaru. Mota tana ɓoye tudu da gangare. Ƙafa ba ta ɓoyewa. Idan ka nufi Dukku daga cikin gari za ka ji keken yana tafiya da kansa, ƙasa tana zubewa a gabanka har ta kai ka bakin fadama, inda ido ba ya iya kai ƙarshen koren shinkafa. A dawowa kuwa sai ka biya bashin da cinyoyinka. A wannan gangare ne na gane da jikina abin da na sha karantawa: an kafa garin nan a kan tudu, a gaɓar fadama, inda ambaliya ba ta kai wa gidaje amma kifi da shinkafa da makiyaya suna kusa, kuma mai gadin ganuwa yana hango duk wanda ya ratso kwarin. Kabawan da suka mayar da nan babban birninsu bayan sun baro Surame, birnin Muhammadu Kanta, sun san abin da suka zaɓa. Haka ma Abdullahi ɗan Fodiyo da ya ci garin a 1805 ya san abin da ya karɓe. Yau fadar Sarkin Gwandu tana cikin wannan tsohon gari, kuma lungunan da ke kewaye da ita, irin na Shiyar Fada, an yanka su ne daidai faɗin mutum da jaki da doki. Mota tana shiga cikinsu kamar baƙon da bai iya gaisuwa ba. Keke kuwa yana ratsa su yana sallama, a amsa masa.

Daga tsohon gari, sauran Birnin Kebbi ɗan 1991 ne. A ranar 27 ga Agusta na waccan shekara gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato, garin ya wayi gari hedikwata, ya shiga miƙe ƙafa: Gesse, Badariya, Bayan Kara, Gwadangaji, sai kuma hanyar Kalgo inda Jami'ar Tarayya take. Duk da wannan faɗaɗa, garin bai kai girman da zai gagari ƙafa biyu a kan feda ba. Mutumin da ba ɗan wasa ba, yana tafiya cikin natsuwa, yana cin kilomita 12 zuwa 15 a awa. A makonni ukun nan ban yi wata zirga-zirgar aiki a cikin gari da ta ɗauke ni fiye da minti talatin ba, mafi yawansu ma ba su kai ashirin ba. Ba mu da cunkoson Kano, ba mu da nisan unguwannin Abuja. Manyan titunanmu, irin su Ahmadu Bello Way, suna da faɗin da ya fi ƙarfin motocin da ke bin su a mafi yawan sa'o'in yini.

To me ya sa ba ma hawa? Amsar ta same ni a ƙofar wani ofishi da na saba shiga da mota ba a ko tambaye ni suna ba. Ranar da na zo a kan keke, maigadin ya ɗaga mini hannu tun daga nesa.

"Malam, ina zuwa? Wa ya aiko ka?"

Na cire hula na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi keken, ya sake dubana. "Subhanallahi, yallaɓai, kai ne? Lafiya dai ko? Allah Ya sa ba wani abu ya faru ba."

Ban ga laifinsa ba, karatun da muka koya masa ne ya biya mini. A wurinmu keke shaida ce ta cewa wani abu ya faru: an kore ka daga aiki, ko jari ya karye. Alhali ba haka abin yake ba a zamanin kakanninmu. Malamin makaranta, da malamin asibiti, da ma'aikacin En'e, da keke aka san su, kuma Raleigh sabo mai ƙararrawa da fitila abin ado ne da ake wankewa ranar Juma'a. Har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, da ƙarin albashin Udoji na 1974, su suka ɗauke ma'aikaci daga keke suka ɗora shi a kan babur, daga nan sai mota. Tun daga lokacin tsanin ya tsaya a zukatanmu: mai ƙafa, mai keke, mai babur, mai mota, kuma ba a saukowa sai da kunya. Ko da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa kafin ƙarshen 2024, na ga abokan aiki sun ajiye mota sun koma kabu-kabu, na ga waɗanda suka rage zuwa ofis, na ga masu tafiya a ƙasa da sassafe don kada a gan su. Wanda ya sayi keke a cikinsu ban gani ba.

Kuskure ne babba a ce mutanen Birnin Kebbi ba sa hawan keke. Suna hawa, mu ne ba ma ganinsu. Ka tsaya a hanyar Dukku da ƙarfe shida na safe ka ƙirga: manoma da lauje a ɗaure a kariya, masu ciyawa da dami ya fi su tsawo, masu jarkokin ruwa, ɗalibai biyu a kan keke ɗaya, dattijo da buzunsa zai je karatu. Waɗannan su ne masu keken garin, kuma ba a taɓa zana titi da su a rai ba. Wurin da aka bar musu shi ne gefen kwalta, kuma a ƙarshen damina gefen kwalta rairayi ne da ruwa ya kwaso ya jibge. Tayar keke idan ta shiga rairayi sai ta karkace. Don haka mahayi yana da zaɓi biyu: ya shiga yashi ya faɗi, ko ya matso tsakiya ya haɗa kafaɗa da mota. Sau biyu na zaɓi yashi. A mota ban taɓa lura akwai shi ba.

A nan ne nake rabuwa da masu bikin keke. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, kuma a garuruwanmu an saba ganin manya sun fito da riguna iri ɗaya da hulunan kwano, jami'an kiyaye haɗura sun tare musu hanya, a zaga, a ɗauki hoto, a mayar da kekunan sito. Wannan ba ya canza komai ga mai damin ciyawa. Mun ma taɓa ganin iyakar wa'azi ba tare da gyaran hanya ba. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, ya riƙa hawa da kansa a Abuja, har ranar da wata bas ta ture shi cikin kwalbati yana kan hanyar zuwa taron majalisar zartarwa. An yi ta dariya. Ni a ganina mutumin yana da gaskiya a kan keke; abin da ya manta shi ne titin.

Ba sai mun je Holan neman misali ba, don da an ambaci Turai sai a ce ai su sanyi gare su. Wagadugu ta Burkina Faso tana cikin zafi da ƙura irin namu, amma manyan titunanta da dama suna da layi na musamman a gefe don masu ƙafa biyu, kuma mace da goyo a kan keke ba abin kallo ba ne a can. Ƙasar tana da gasar tseren keke ta Tour du Faso tun 1987. Zafi bai hana su ba. Abin da ya bambanta mu da su shi ne su sun ɗauki mai keke a matsayin ɗan gari mai haƙƙi a kan titi.

Ranar Asabar ta biyu na kama hanyar Argungu bayan sallar asuba, da gorar ruwa biyu da dabino a aljihu. Tafiyar kimanin kilomita 50 ce, ta Gwadangaji da Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake. Fadama tana hannunka na hagu, wani lokaci ta matso har ka ji ƙanshin danshinta, wani lokaci ta ɓuya bayan gonakin dawa. A wannan yanki, wajen Zauro, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Banki a Nuwamban 2015, kuma a irin wannan lokaci na shekara ne, a 2020, ambaliya ta shanye gonakin shinkafar kwarin nan ana dab da girbi. Wanda ke tafiya a hankali yana ganin duka biyun a jikin ƙasa: injinan ban-ruwa a gindin bishiyoyi, da alamar inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin katangu.

Wani tunani ya riƙa bina a hanyar. Wannan tazara da nake ci da feda kafin azahar, a mafi yawan ƙarni na goma sha tara bakin daga ce. Bayan faɗuwar Birnin Kebbi, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya sun tattara a Argungu, kuma daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 har zuwan Turawa an sha kai hari tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato. Bikin kamun kifin da duniya ta san Argungu da shi, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2016, ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934. A mota, minti arba'in ba ya isa mutum ya ji nauyin wannan. A keke kana ganin kowane tudu da mahayin doki zai iya laɓewa a bayansa.

Tsidau ne ya katse mini tarihin. Wata babbar mota shaƙe da buhuna ta taho a bayana tana hon, ba ta rage gudu ba, ba ta kauce ba, na sauka daga kwalta na faɗa cikin ciyawa, na fito da taya a sace. Na tura keken kusan rabin awa kafin na sami mai faci a gindin wata darbejiya a bakin wani ƙauye. Dattijo ne, da kwanon ruwa da famfo da guntayen roba. Ya zare ƙayoyi uku ya jera mini a tafin hannu.

"Ɗana, daga Birni kake a kan wannan? Ba ka da kuɗin mota ne?"

Na ce, "Baba, ina da su, so nake in ga hanya."

Ya yi dariya har ya ajiye famfon. "To ka gan ta. Mu kullum ita muke gani." Sannan ya nuna mini wani wuri can gaba kaɗan inda ya ce mota ta taɓa kwashe wani mai keke yana dawowa daga gona. Bai faɗi abin da ɗaci ba, ya faɗe shi ne kamar yadda ake ba da labarin fari ko ambaliya, abin da ba hannun mutum a ciki.

Alhali akwai hannun mutum. Hanyar da ke ɗaukar manyan motocin shinkafa zuwa masana'antun Argungu da Birnin Kebbi (ta WACOT a Argungu an buɗe ta tun 2017) ita ce kuma hanyar da manomin da ya noma shinkafar yake bi a kan keke. Idan aka ba shi kafaɗar titi mai kwalta, faɗin taku biyu, an raba shi da mutuwa. Ba na jin akwai wani aikin hanya da zai ceci rai da arha kamar wannan, kuma ya kamata ya zama sharaɗi a duk kwangilar gyaran hanyar da ta ratsa garuruwan fadama. A cikin gari ma abin da ake buƙata bai kai kuɗin shataletale ɗaya mai ado ba. A kwashe yashin gefen titi a watan Oktoba, kowace shekara, kamar yadda ake yashe magudanai kafin damina. A tilasta rage gudu a gaban makarantu da kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kilomita 30 a awa a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, domin a wannan gudun mafi yawan waɗanda aka buge suna rayuwa. A kafa ƙarfen ɗaure keke a inuwa a sakatariya da asibitoci da Kwalejin Waziri Umaru. Filin da mota ɗaya ke ci yana ɗaukar kekuna takwas ko fiye.

Sai bishiya, wadda na fi damuwa da ita fiye da duk waɗannan. Mai mota da na'urar sanyaya iska ba ya sanin bambancin titi mai inuwa da marar inuwa. Mai keke yana saninsa a fatarsa cikin daƙiƙa. Tsofaffin unguwannin da aka jera wa darbejiya tun zamanin En'e ana iya ratsa su ko da tsakar rana. Sababbin titunan da aka faɗaɗa aka bar su tsirara, da fitilu masu kyau a tsakiya, ba sa takuwa bayan hantsi. Duk lokacin da za a faɗaɗa titi, bishiya ce ke fara biyan kuɗin, kuma ba a cika mayar da ita ba. Idan ana so a amsa masu cewa zafin Kebbi ya fi ƙarfin keke, da dashe za a amsa musu, ba da jawabi ba.

Akwai ƙorafe-ƙorafen da ba zan yi kamar na warware su ba. Babbar riga da sarƙar keke ba sa jituwa, kuma ba kowane ofis ne ke da wurin da mutum zai watsa ruwa ya sake kaya ba. Matan garin nan, in ban da 'yan mata ƙanana, ba sa hawan keke, kuma ba rubutun jarida ne zai sauya wannan ba. Abin da zan ce kawai shi ne titin da ya zama lafiya ga mai keke ya zama lafiya ga mai tafiya a ƙasa, kuma mata da yara su ne mafi yawan masu tafiya a ƙasa. Batun tsaro ma yana nan. Tun harin da Lakurawa suka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, ba zan ba kowa shawarar ya ƙetare kogi ya bi hanyoyin daji na arewacin Argungu shi kaɗai don yawon buɗe ido ba. Ni ma babbar hanya na bi, da rana, bayan na tambayi direbobin tasha. Kuma ba ina cewa babban sakatare ya sayar da motarsa ba ne. Ina cewa ne idan ma'aikaci mai matsakaicin albashi, wanda gidansa bai fi kilomita huɗu daga ofis ba, yana ƙona kaso mai tsoka na albashinsa a kan mai don gudun abin da maigadi zai ce, to mu da ake kallo mu ne ya kamata mu fara karya wannan kunyar. Ranar da likita ko lauya ko malamin jami'a ya fara jingine keke a ƙofar ofis, ranar ce injiniyan ma'aikatar ayyuka zai fara ganin yashin gefen titi.

Na shiga Argungu ana kiran azahar, awa biyu bayan lokacin da na yi wa kaina alkawari. Na fara da gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan adana kayan tarihi a 1958, inda makamai da tambura da kayan su suke, da kaburburan sarakuna a cikin harabar. Daga nan na gangara Matan Fada. Wanda ya san wurin a lokacin biki kawai, da dubban masunta da homa da gora suna rugawa cikin ruwa, zai yi mamakinsa a farkon kaka: kogin a cike, jajaye-jajaye da laka, rumfunan 'yan kallo ba kowa, sai wani basarke shi kaɗai a cikin kwalekwale yana duba komarsa. Na jingine keken na zauna har inuwa ta juya.

Dawowa dai ban taka ba, cinyoyina sun ƙi. A tasha direban ya ɗaure keken a but da igiya, tayar gaba tana leƙe, ya ce kuɗinsa daidai da na buhun shinkafa ne. Na biya. Motata ta fito daga wurin bakanike tun makon jiya, amma keken bai koma zauren kawu ba. Na saya masa kwaɗo da fitila, kuma ranakun Talata da Alhamis da shi nake zuwa aiki, har in ga yadda za mu kwashe da ƙurar hunturu.